Ɗorin da Labbo Ya Yi wa Lafiyayyen Hannu

A farkon shekarun da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, akwai wani dillalin albasa a Sabon Garin Jega mai suna Alhaji Labbo. Mutum ne mai fara'a, hannunsa a sake, kuma ba a taɓa jin ya ci amanar manomi ba. Aibinsa guda ɗaya ne, amma shi kaɗai ya ishe shi. Labbo ba ya iya jure a ce ya gaza. Ka ce masa ya gaji, ko ka ce ka ga alamar ba ya jin daɗin jikinsa, to ka nemi faɗa. Ya fi son a zage shi a tsakiyar kasuwa da a yi masa sannu.

Haifaffen ƙauyen Fagada ne, kuma ba da tumbi aka haife shi ba. Waɗanda suka san shi yana saurayi sun ce dogo ne siriri, ba komai a jikinsa sai jijiya. Shi da amininsa Ummaru suka taso suna ban-ruwan albasa a fadama da jigo da ƙwarya, tun da sanyin safiya har rana ta take. Ranar kasuwa a ƙafa suke zuwa Jega, a ƙafa suke komawa. Abincinsu tuwon dawa da miyar kuka, da rana a dama fura, nama kuwa sai da sallah ko ranar suna. A wancan lokacin Labbo ya yi suna da abu ɗaya: shi kaɗai yake cicciɓar buhun albasa ya aza a kafaɗa ba mai kama masa. Mahaifinsa a gona ya rasu, yana tsaye yana magana ya dafe ƙirji ya faɗi. Aka ce iska ce ta buge shi, aka yi jana'iza, ba wanda ya ƙara tambaya.

Da aka ba da jiha, harka ta buɗe. Manyan motoci suka riƙa zuwa daga Kudu neman albasa, baƙin kuwa ba su san ƙauyuka ba, sai da ɗan gari. Labbo da Ummaru suka ajiye ƙwarya suka shiga dillanci. Cikin 'yan shekaru Labbo ya dawo Jega da zama, ya gina gida, ya sauke farali, ya sayi akori-kura. Tun ranar da motar nan ta shigo hannunsa ƙafarsa ta samu hutu. Ko masallacin unguwa da ita yake zuwa in rana ta ɗan yi zafi.

Ga yadda sana'ar take. Manomi in ya cire albasa ba ya sayar da ita duka. Yakan zuba ta a rudu, wato rumfar kara da ciyawa da aka ɗaga daga ƙasa don iska ta riƙa ratsawa, ya jira har ta yi tsada. Dillali shi ke bin ƙauyukan Aliero da Maiyama yana duba rudu yana ɗaukar kaya. Manoman da Labbo ke hulɗa da su kuwa ba sa buɗe wa baƙo rudu da yunwa a cikinsa. Sai an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa, an kawo akushi, an sa hannu tare, sannan a yi zancen albasa. Sauran dillalai sukan yi 'yar loma don fita kunya, su wanke hannu. Labbo ba haka yake ba. A ganinsa mayar da akushi da saura cin fuskar matar gida ne, kuma namijin da ya kasa cinye tuwo ba zai iya riƙe amanar rudu ba. Sai ya share akushin tas, ya suɗe hannu, ya sa wa mai girki albarka da ƙarfi yadda za ta jiyo daga cikin gida. Duk gidan da ya shiga a wuni haka yake yi, kuma ba gida ɗaya yake shiga ba.

Mata da suka ji ana yabonsu, sai aka shiga gasa. Wannan ta zuba man shanu har ya kwanta a kan miya, waccan ta ƙara dunƙulen magi a kan gishiri, wata ta matsa wa mijinta ya nemo kitsen rago saboda Alhaji. Suna ya bi shi: Labbo Share-Akushi. Da yamma in ya dawo Jega ba gida yake wucewa ba. Sai ya zauna a majalisar mai tsire, a yanko masa mai kitse, a kawo lemun kwalba mai sanyi, daga nan a koma teburin mai shayi a haɗa masa kauri da madara da sukari. Sigari kuwa a wurin direbobin Kudu ya koya, tun yana karɓar kara ɗaya don zumunci har ya koma sayen kwali.

Jiki ya buɗe, wuya ya cika, tumbi ya yi gaba. Duk wanda ya gan shi sai ya ce, "Alhaji, arziki ya zamna!" Shi kuma ya shafa ciki yana dariya. Ba wanda ya san barci ya ƙaurace masa. Albasa kaya ce mai ruɓa, in mota ta lalace a hanyar Kudu, kafin a gyara amanar mutane ta zama ruwa. Da wannan tunani yake kwana, da shi yake tashi. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko matarsa Dije, domin a wurinsa faɗar damuwa ma gazawa ce.

Ummaru ne ya fara karo da ciwo. Kansa ya riƙa sarawa ta ƙeya, yana ganin jiri in ya miƙe. Ya je asibiti aka ce hawan jini ne. Sai ya yi abin da Labbo ya ɗauka abin kunya ne na ƙarshe: ya faɗa wa kowa. Duk gidan da ya shiga, kafin a kawo akushi sai ya ce, "Ku yi min haƙuri, likita ya hana ni gishiri da mai. A ɗebo min kaɗan kahin a sa." Ya daina zaman majalisar tsire, ya sayi keke, ya koma ya kama ɗan fegi a fadamar Fagada yana ban-ruwa da hannunsa, kuma kowace safiya yana haɗiyar ƙwayar maganinsa a gaban kowa. Wasu manoma suka ji haushi, suka ce ya raina girkin gidajensu, suka mayar da rudunsu hannun Labbo.

Labbo ne da kansa ya raɗa masa suna Lami, wato miyar da ba gishiri. In ya hango shi sai ya ɗaga murya ya ce, "Ga Ummaru Lami nan bisa kekenai! Ku ɓoye gishiri, kar shi gani shi suma!"

Majalisa ta kwashe da dariya. Ummaru ya jingine keke ya ce, "Yi dariyarka, Labbo. Ni dai kaina ya bar ciwo."

Ba a daɗe ba na Labbo ya iso. Ranar farko daga mota yake tafiya zuwa wani rudu, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba, sai ya ji kamar an aza masa buhu a ƙirji. Nauyin ya gangaro hannunsa na hagu, ya hau har muƙamuƙi, zufa ta keto masa. Ya tsaya, abin ya lafa. Daga nan ya riƙa dawowa, musamman in ya cika ciki ya tashi tafiya. Labbo ya koyi dabaru. In ya ji abin ya taso sai ya tsaya ya ja doguwar gaisuwa da duk wanda ke kusa, ko ya ɗauki albasa yana jujjuyawa kamar mai duba kyanta, har ya sake shi.

Mutanen waje sun ruɗu, amma Dije ba ta ruɗu ba. Ita ce ke jin numfashinsa in ya sunkuya alwala.

Wata safiya ta ce, "Alhaji, wanga numhwashi naka bai yi min ba. Mi as same ka?"

Ya ce, "Ba komi. Gajiya ta."

"Gajiya ba ta sa mutum dahe hannu shina cizon leɓe."

Ya ajiye buta da ƙarfi. "Ke Dije, yaushe kiz zama likita? Kawo min kalaci in hita."

Ta kawo, ya fita. Ita kuma ta aika wa matar Ummaru, matar Ummaru ta faɗa wa mijinta. Ummaru ya san halin amininsa sarai, bai ce masa zo a duba ka ba. Ce masa ya yi ranar awonsa ta zo, jikinsa ba ƙarfi, yana so a kai shi asibiti a mota. Wannan kam Labbo zai iya, domin kai mara lafiya asibiti aikin mai ƙarfi ne. Da aka gama da Ummaru, sai ya dubi likita ya ce, "Don Allah ka ɗan auna min wanga ma, tunda ga shi."

Labbo ya miƙa hannu yana dariya, wai a auna a ga jinin maza. Likita ya ɗaura masa abin awo, ya duba, ya sake ɗaurawa. Ya saurari ƙirjinsa. Ya yi ta tambaya a kan abinci da sigari da barci, har ya zo kan yadda mahaifinsa ya rasu. A nan dariyar Labbo ta ɗauke.

Likita ya ce, "Alhaji, ba zan ɓoye maka ba. Jininka ya hau ƙwarai. Abin da kake ji a ƙirji da hannu kuma ba gajiya ba ce, jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini ne suka fara toshewa. Ba rana ɗaya suka toshe ba. Zaman mota ne, da kitse, da gishiri, da hayaƙi, da damuwar da kake haɗiyewa, ga shi kuma da alama akwai shi a gidanku. Amma ba a makara ba. Ka sha maganin nan kullum, ka bar sigari, ka rage mai da gishiri, ka fara tafiya a hankali. Kada ka ɗauki kaya mai nauyi. Ka dawo in sake duba ka, in ya kama mu tura ka babban asibiti."

Duk wannan bayani, tambaya ɗaya Labbo ya yi: ko akwai wanda zai ji maganar nan a waje?

Da suka shiga mota ya juyo ya ce, "Ummaru, in wagga magana ta hita, ni da kai mun raba hanya. Wane manomi za shi ba mai ciwon zuciya amanar rudunai?"

Ummaru ya ce, "Ni ba ga shi ana ba ni ba? Sun yi hushi, sun huce. Labbo, babanka ka tuna."

"Baba iska tab buge shi."

"Ka san ba iska ba ta."

Labbo ya tayar da mota. Da ya isa gida ya jefa wa Dije ƙullin maganin ya ce ta zubar. Ba ta zubar ba, ta sa a ƙasan kwallarta.

Abin da yake gudu ya same shi a tsakiyar kasuwar albasa ta Jega, ana lodi, mutane cike. Ciwon ya taso da ƙarfin da bai taɓa yi ba, har ya manta da dabara ya cafke hannunsa na hagu ya durƙusa. Kafin ya miƙe an kewaye shi.

"Alhaji, lahiya? Mi af faru?"

Ƙarya ta zo masa a baki kamar da ma tana jira. Ya ce, "Targaɗe na. Buhu nic cicciɓa jiya, hannun yag goce."

Maimakon sannu sai aka ɗauki kirari. Ashe Alhaji har yanzu yana cicciɓar buhu! Labbo ya ji daɗin wannan har cikin ransa. Sai dai kowa a wurin ya ba shi shawara iri ɗaya: ga Aliero nan kusa, garin da ake zuwa daga nesa neman ɗori, me zai zauna yi da targaɗe? Tunda ya faɗa a gaban jama'a, dole ya je.

Wurin Baba Altine ya je, wani tsohon mai ɗori da ya gaji sana'ar kaka da kakanni. Tsohon ya zaunar da shi, ya bi hannun da yatsunsa tun daga wuyan hannu har kafaɗa, ya lanƙwasa, ya miƙar. Ya tambaye shi yaushe ciwon ke tasowa. Sannan ya saki hannun.

Ya ce, "Ɗana, wanga hannu ba shi da karaya, ba shi da targaɗe, ba shi da gocewa. Ƙashi in ya samu matsala, in an taɓa shi shina ƙara. Naka sai ka yi tahiya shika tasowa. Abin da ka damunka ciki shike, ba aikina ba na. Tahi asibiti."

Labbo ya rage murya. "Baba, ka dai ɗaura min karare. Ko na kwana kaɗan."

"Ba ni ɗora lahiyayyen hannu. Ba haka anka koya muna ba."

Labbo ya fito ransa a ɓace. A hanyar gida ya tsaya ya karyo karan dawa a bakin wata gona. Ya shiga ɗaki, ya rufe ƙofa, ya ce wa Dije ta yago tsohon zane ta ɗaure masa. Ta ƙi. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, daga ƙarshe ya haɗa ta da girman aure. Ta zauna tana jera karare a hannun da ta san lafiyarsa ƙalau, hawaye na zuba. Kafin ta yi naɗin ƙarshe ta tashi ta buɗe kwalla, ta ɗauko maganin, ta cusa shi tsakanin kara da zane.

Ta ce, "Ga shi nan jikinka. In kunyar mutane kaka ji, ka kewaya bayan rudu ka sha, ba mai ganinka. Don Allah, Alhaji."

Ya ce, "Na jiya." Ya rataye hannun a wuya ya fita.

Ɗorin nan ya yi masa rana yadda yake so. Yanzu in ciwo ya taso ba ya bukatar dabara, sai ya dafe hannu ya zauna, kowa ya san dalili. Amma ƙaryar ta zo da nata kayan. Tunda ba ya iya tuƙi da hannu ɗaya, ya ɗauki direba, ɗan motsin da ya rage masa ma ya tafi. Ga shi kuma kowa ya san mai ɗori romo yake so. Gidajen manoma da na abokan arziki suka shiga aiko da farfesun ƙafar sa, da ɓargo, da kwalaben man shanu, wai a shafa a kuma sha don ƙashi ya yi saurin kamawa. Labbo kuwa ba ya mayar da kwano da saura. Ummaru ya zo ya same shi a zaure da kwano a gaba, ya dubi hannun, ya dubi kwanon, ya ce, "Labbo, kanka kaka cuta." Labbo ya ce in wa'azi ya kawo shi, ga ƙofa nan.

Dije ta ga in ta zuba ido za ta rasa miji. A gida tana rage gishiri da dabara, amma abin da yake ci a gida bai kai rabin na waje ba. Sai ta bi ta hanyar da take da ita. Ranar kasuwa matan ƙauye sukan biyo ta gidan su sha ruwa, ta riƙa jan su gefe tana roƙonsu: in Alhaji ya zo, a rage mai, a rage gishiri, kuma kada a nuna masa. Cikin waɗanda ta roƙa har da Hamsatu, matar wani manomin Kuberi mai suna Idris, wanda ya daɗe yana ba Labbo albasarsa.

Ranar da Labbo ya je Kuberi ɗaukar kaya, an taru a ƙofar gidan Idris, da maƙwabta da masu ɗura buhu. Aka kawo akushi. Labbo ya buɗe ya ga tuwon dawa da miyar kuka, ba ko ɗigon mai a sama. Ya kai loma ɗaya, ya tsaya.

Ya ce, "Idris, mai girkinku ba ta lahiya ta?"

Idris mutum ne mai gaskiya wanda bai iya kwana-kwana ba. Hamsatu ta faɗa masa dalili, ta manta ba ta ce ya riƙe bakinsa ba. Ya ce, "Lahiya lau take, Alhaji. Ai Hajiya Dije ta aiko, tac ce a rage maka mai da gishiri, wai zuciyarka ba ta so."

Sai wani dattijo daga gefen tabarma ya ce, "Ayya. Sannu, Alhaji. Allah shi ba da lahiya."

Da ma mari ya kwaɗa masa da ya fi sauƙi. Labbo ya ji kunya da fushi sun taso masa lokaci ɗaya, ya ga kamar duk idon da ke wurin yana auna shi. Ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba.

"Zancen mata na! Hannu na ka ciwo, ga shi kuna gani. Idris, a kawo man shanu."

"Alhaji, da dai ka bari…"

"A kawo, nic ce!"

Aka kawo. Ya tuttula a miya, ya barbaɗa gishiri, ya share akushin tas. Ya kunna sigari ya zuƙe. Tun kafin ya miƙe ya ji nauyin nan ya fara zama a ƙirjinsa, ya kuma ji tudun ƙullin magani a jikin hannunsa. Bayan rudu ba nisa. Ya dubi wajen, ya dubi mutane, ya nufi inda ake ɗura buhuna.

Ya ce, "Ku kauce. Mai ciwon zuciya za shi gwada muku."

Ya kama bakin buhu da dama, ya sa gwiwa. Buhun ya ƙi. Cikin zafin rai ya zare hannun hagu daga rataya ya tallafa ta ƙasa, karare suka yi ƙara suna karyewa. Buhun ya hau kafaɗa. Wasu har sun fara tafi. Labbo ya ɗaga ƙafa zai taka, sai buhun ya sulluɓe, albasa ta watse, shi kuma ya zube a kanta yana riƙe da hannun hagu, zufa ta jiƙe masa riga.

"Ɗori ya goce! Ɗori ya goce! A kai shi Aliero!"

Idris ya ce, "Jama'a, anya ba asibiti ba?"

Aka ce masa, "Kai kuma! Shi da bakinai yac ce hannu na. Ba ka ji ƙarar kara ba?" Idris, da yake ganin bakinsa ne ya jawo abin, ya ja da baya.

Aka kwantar da shi a bayan akori-kura. Labbo yana jin su, yana so ya ce zuciya ce, yana so ya ce asibiti, amma numfashin da zai ɗauki maganar babu. Ya riƙa yaƙushin zanen da ke hannunsa yana neman maganin. Su kuma suka riƙe masa yatsu da tausayi, suna cewa ya daure kada ya ƙara ɓata ɗorin. Motar ta fito titi, ta shiga Jega, ta wuce kwanar asibiti ba ta tsaya ba. Ko da sun tsaya zai tashi ko ba zai tashi ba, wannan Allah ne masani. Abin da aka sani shi ne, da suka isa ƙofar Baba Altine, tsohon ya leƙa bayan motar, ya taɓa wuyansa, ya yi salati, ya ja masa hula ya rufe fuskarsa.

Ummaru ne ya yi masa wanka. Da ya zo kan hannun hagu ya warware zanen a hankali, karyayyun karare suka zube. Hannun sumul, ba kumburi, ba tabo. Ƙullin magani ya faɗo a kan tabarma, yadda aka ba da shi a asibiti, ko buɗe shi ba a yi ba. Ummaru ya ɗauka ya riƙe, ya kasa ci gaba, sai da liman ya dafa shi. Bayan an dawo daga maƙabarta ya shiga yi wa Dije gaisuwa, ya ajiye mata ƙullin a gabanta. Ta dube shi ta ce, "Ko ɗaya?" Ya ce, "Ko ɗaya." Ta kifa kanta a gwiwa ta fashe da kuka.

Ummaru Lami ya rayu har ya ga jikokin Labbo, yana hawan kekensa, yana haɗiyar ƙwayarsa. Manoman da suka yi fushi da shi duk sun dawo. A gidan Idris kuwa, tun daga ranar ba a sake kawo wa baƙo akushi ba sai an leƙo an tambaya ko akwai abin da aka hana shi.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Ciwon zuciya ba rana ɗaya yake kama mutum ba, a hankali ake tara shi: da yawan zama, da kitse da gishiri, da sigari, da rashin barci, da damuwar da ba a faɗa wa kowa. Wani lokaci kuma mutanen da ke ƙaunarmu ne ke taya mu tarawa, da akushin karamci da yabon ƙiba, ba da mugun nufi ba. Don haka mai gida ya daina auna ƙaunar baƙo da yawan abin da ya ci, baƙo kuma ya koyi cewa ya ƙoshi. Wanda ya ji nauyi a ƙirji yana gangarowa hannu, musamman in an taɓa yin irinsa a gidansu, ya nufi asibiti, ya sha maganin da aka ba shi, ya kuma faɗa wa na kusa da shi gaskiya. Rashin lafiya ba abin kunya ba ne. Labbo ya ɓoye ciwonsa don kada a yi masa sannu, ranar da ya bukaci taimako kuwa, ƙaryar da ya faɗa aka bi aka wuce da shi ƙofar asibiti.